Daminar da Aka Ce Inna Ta Riƙe Ruwa

Bana ma ruwa ya yi mana irin halin nan nasa. Ya sauka a farkon damina, aka ruga gona aka yi shuka, sai ya ɗauke. Da hantsi in na zagaya bayan gida nakan ga ganyen gero ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. Jikata kuwa tana inuwar zaure da waya a kunne, wani mai wa'azi yana ta ihu a ciki, wai a aiko a karɓi ruwan da ya yi wa addu'a. Zafin nan da muryar nan sun haɗu sun mayar da ni wata damina can baya, lokacin da na yaye ɗana na fari, daminar da aka ce surukata ce ta riƙe ruwa.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce, a gefen hanyar da ta tashi daga Toranke zuwa Ajingi, gidajen Kirista a tsakiyar ƙauyukan Musulmi. Kakanninmu Maguzawa ne, a zamanin iyayenmu aka karɓi bishara. Muna da majami'a ta ginin ƙasa da rufin kwano, da mai bishara, Malam Iliya, wanda yake noma gonarsa kamar kowa, ran Lahadi ya wanke ƙafa ya sa farar riga ya tsaya a gabanmu. Tsakaninmu da maƙwabta babu rigima. Rijiya ɗaya muke ja, gayya ɗaya muke yi.

Surukata, wadda muke kira Inna, kowa ya san tarihinta. Kafin ta tuba 'yar bori ce, kuma ba ƙarama ba. An ce har daga Kademi da Gaya ake zuwa ɗaukarta in za a yi wasa. Ni ban tarar da wannan ba. Abin da na tarar shi ne doguwar tsohuwa marar yawan magana, mai zama a layin baya a majami'a, ba ta iya karatu, ba ta da muryar waƙa. Sai dai ranar da aka kawo ni gidan, ƙanwar mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Hannatu, ki yi mata biyayya, amma ki buɗe ido." Da buɗaɗɗen ido kuwa na zauna da ita.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Mun share gona, an kai taki a kan jaki, an gyara sungumi, muka zauna jira. Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita. Maza suna gaba suna sara, mu muna baya muna zuba iri muna rufewa da diddige, ƙasa tana ƙamshi, yara suna bin shinge suna kama fara. Shuka ta fito tsaf, kore shar. Daga nan sama ta bushe.

Kullum da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har a ji cida. Mu kwashe shanya, mu jera tukwane a ƙarƙashin indararo. Sai wata iska mai zafi ta taso ta watsa shi, ta bar mu da tukwane a bushe. Shukar farko ta ƙone. Aka sami yayyafi, aka sake zuba iri, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Rumbu ya fara amsa kuwwa in an leƙa. Da farko ɗumamen safe muka daina. Daga baya tuwon dare ya koma kunu. Can sai kunun ya koma na dusa, dusar da a da kaji muke watsa wa. Muka shiga bin itatuwa: ganyen kuka, yaɗiya, zogale, 'ya'yan aduwa masu ɗaci da suke murɗa ciki. Yunwa ba ciwon ciki kaɗai take sawa ba. Tana sa jiri in ka miƙe, tana sa baki wari, tana kuma sa ka lura da lomar kowa. Maigidana da sauran magidanta suka hau mota suka tafi Kano ƙwadago. Aka bar mata da tsofaffi da yara.

Maƙwabtanmu Musulmi sun fita roƙon ruwa, muna jiyo su daga fili. Mu ma Malam Iliya ya sa mana azumi, ko da yake wata tsohuwa ta ce azumin ai tuni ya kama mu da kansa. Ruwa dai shiru.

A cikin haka ne wata mota ta shigo unguwa da lasifika a kanta. Wani mai wa'azi ne daga birni, da kwat da takalmi mai sheƙi, da makaɗansa. Ba mu riƙe sunansa ba, Mutumin Allah kawai ake ce masa. Ya ce an nuna masa unguwarmu cikin wahayi. Malam Iliya mutum ne mai kawaici, ya ba shi wuri. Aka kafa rumfa a gaban majami'a, aka jona lasifika da batirin mota.

Ba zan ɓoye ba, taron nan ya yi mini daɗi. In aka saki ganguna, aka ɗaga murya, sai ka manta cikinka. Yana shafa wa mutane mai a goshi daga 'yan kwalabe, mata suna faɗuwa suna karkarwa. Ni ma na faɗi. Na ji kamar an zuba mini wuta mai daɗi tun daga ka har tafin ƙafa. Sai dai in na dawo gida na zauna gaban murhu, yunwar ta dawo da ƙawarta, wani irin fayau a ƙirji, har in ƙagu gari ya waye a sake kaɗawa. Mutumin Allah ya ce wanda ya ba Allah abin da ya rage masa zai girbe ninki. Aka yi ta kai kaji da awaki. Ni ma na kai kazata mai kwanci.

Inna ta je ranar farko. Ta zauna a baya kamar yadda ta saba. Da kiɗa ya yi zafi, mata suka fara zubewa, sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta fice. Ba ta ƙara komawa ba. Kowa ya gani.

Mutumin Allah ya sa ranar da za a yi ruwa. Ranar ta zo, hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Washegari ya hau kan benci da jajayen idanu ya ce, "Ba daga sama matsalar take ba. A cikinku take. Akwai wanda bai rabu da tsofaffin iyayen gijinsa ba, shi ya riƙe ruwan. Ku duba, wa ya kasa tsayawa a inda wutar Ubangiji take?"

Bai kama suna ba. Ba sai ya kama ba. Na ji idanun mata a bayan wuyana.

A makon ne ɗana ya kwanta. Tun da na yaye shi a ɗakin Inna yake kwana, kamar yadda aka saba. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka Maigida take ce masa. Gudawa ta kama shi, da zazzaɓi, idanunsa suka zurma. Na kai shi aka shafa masa mai, babu sauƙi.

A bakin rijiya uwar zumuntar matan majami'armu, Rifkatu, ta tare ni. Ta jira sauran mata suka yi gaba, sannan ta rage murya.

"Hannatu, ina surukarki take zuwa kullum da sassafe?"

"Ganye take tsinkowa."

"Ganyen da bai cika ƙwarya ba shi zai ɗauke ta tun fitowar rana har hantsi? Ke yarinya ce. Dubi fuskarta mana. Kowa a unguwar nan ya rame ya yi baƙi, har da masu haƙurin cikinmu sun koma faɗa. Ita fa? Kin taɓa jin ta yi tsaki? Me take ci da ba ma ci?"

Maganar nan ta shige ni, domin ni ma na lura. Inna ta rame kamar kowa, wuyanta duk jijiya. Amma akwai wata natsuwa a tare da ita wadda ban ga dalilinta ba. Mutum yana cikin wannan hali, jikansa a kwance, ana nuna shi da baki, amma ya zauna yana tsince ganye hankali kwance? Na ce lallai da wani abu.

Na ɗauke yaron na mayar ɗakina. In ta dama masa kunu sai in karɓa in ce zan ba shi, in juya baya in shanye da kaina, ina jira in ji ko zai yi mini wani abu. Da ta fita na shiga ɗakinta na ɗaga tabarma, na leƙa tukwane, na laluba saman bango. Babu laya, babu turare, babu komai sai tsummokara da ganyen kuka da take busarwa. Rashin samun ma sai ya ƙara mini zargi. Na ce a daji take ajiyewa. Ta ga an taɓa mata kaya, na sani, ta dai mayar da komai wurinsa.

Wata safiya na bar yaron wurin maƙwabciya na bi ta. Tana tafe a hankali, ƙwarya a ka, ni ina nesa ina fakewa da shinge. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin hanya inda aka ce a da can ake yi wa iskoki yanka. Sai na ga ta nufi wurin. Ta wuce ta ko waiwaye babu. Gonarmu ta shiga. Ta je tsakiyar ƙonannen geron nan, ta ajiye ƙwarya, ta zauna a kan kunya, ta miƙe ƙafa, ta ɗora hannuwa a cinya.

Na tsuguna a bayan sabara ina jira ta tono wani abu, ko ta fara gyatsa da karkarwa irin yadda aka ba ni labari. Ba ta yi ba. Leɓenta yana ɗan motsi, can ya daina. Ta zauna shiru. Rana ta ɗaga, ƙasa ta fara zafi, ƙafata ta yi tsami. Ba abin da ya faru.

"Hannatu," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "fito daga nan, cinnaka za su cinye ki."

Na fito na durƙusa gefenta. Tun da an riga an kama ni, sai na tambaya.

"Inna, da wa kike magana?"

"Da wanda kuke kira da lasifika. Yana ji ko an yi a hankali."

"To me ya fitar da ke daga taron? Mutane suna magana."

Ta dubi gonar.

"Ban ce mutumin nan na ƙarya ba ne. Allah ya san bayinsa, ni ban sani ba. Amma jikina na sani. Na yi shekaru sai an goga goge, an kaɗa ƙwarya, an yi turare, sannan wani abu ya zo daga waje ya hau ni. In ya sauka ya bar ni kamar buhun da aka zazzage. Gobe kuma in tashi neman makaɗi. Ran nan ina zaune na ji ƙafata ta fara rawa da kanta, ban sa ta ba. Na ce a'a, na san hanyar nan, na san inda take ajiye ni. Yesun da na bi bai taɓa hawa kaina ba, 'yar nan. Zama ya zo yi. Yana nan ciki, ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba."

"Ya gaya miki yaushe za a yi ruwa?"

"Bai gaya mini ba. Nakan kira masa sunayenku ɗaya bayan ɗaya, har da Rifkatu. In na gama in yi shiru. Wata rana in ji kamar an dafa mini ƙirji. Wata rana ba na jin komai sai yunwa. Ko wanne ne, nakan tashi da abin da zai kai ni yamma."

Muka tsinki ganye muka dawo tare. Zan so in ce daga nan zuciyata ta wanke, amma ba haka aka yi ba. A hanya ina bayanta ina tunani: in da mayya ce mai wayo, ai irin wannan maganar za ta yi.

Yaron ya ƙara tsananta. Ya daina kuka, sai ɗan nishi. Da azahar ɗin wata rana, rana tana dukan kwano, na shimfiɗa shi a inuwar rumbu ina yi masa fifita, sai ga sallama. Rifkatu ce a gaba, da matan zumunta, da Mutumin Allah, Malam Iliya yana can baya kansa a sunkuye. Tsakar gida ta cika.

Rifkatu ce ta yi magana. Ta ce ba faɗa ya kawo su ba, rai suka zo ceto. Inna ta zo ta tsallake yaron ta sakar masa kurwa, sannan Mutumin Allah ya yi mata addu'ar kuɓuta, ruwa ya samu hanya. Tsallake mai ciwo shi ne abin da ake sa wanda ake zargi da maita tun zamanin kakanni. Duk wadda ta yi shi a gaban jama'a, ta amsa sunan ke nan har kabari.

Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya. Ta dubi Malam Iliya, bai ɗago ba. Sai ta ce, "Ɗanta ne. In ta ce in tsallaka, zan tsallaka."

Kowa ya juyo kaina.

Na dubi fuskokin nan. Matan da muke waƙa tare ne, ba mugaye ba ne, yunwa da tsoro ne suka cika musu ido, suna neman inda za su sauke. Mutumin Allah gumi yana bin wuyan kwat ɗinsa, na ga shi ma a tsorace yake, don ranar da ya sa ta wuce. Kowa a wurin yana son wani abu daga gare ni. Na dubi Inna. Ta damƙe bakin zanenta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma idonta bai roƙe ni komai ba, bai kuma tuhume ni ba, ni da na ɗaga mata tabarma. Leɓenta yana ɗan motsi kamar a gona, na kuwa san sunayenmu take kira.

Ban sami wata hujja ba. Har yau ba ni da abin da zan nuna wa mai gardama. Na dai sunkuya na ɗauki yaron, ba nauyi kamar ɗan tsako, na je na ɗora shi a bayanta.

"Inna, goya shi. Ni ƙafata ba za ta kai ba. Ajingi za mu."

Rifkatu ta ce, "Hannatu, kin san abin da kike yi?" Na ci gaba da taya Inna ɗaure majanyi. Mutumin Allah ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji muryar Malam Iliya, wadda muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Ya isa haka. Kowa ya tafi gida."

Shi ya je ya aro amalanken wani maƙwabcinmu Bafillace, wanda ya ɗaura shanunsa ramammu ya kai mu da kansa. A asibitin sha-ka-tafi aka ce ruwan jikin yaron ne ya ƙare. Aka yi ta ɗura masa ruwan gishiri da sukari da cokali, aka ba da magani. Inna ce ta riƙe shi a cinya tana ɗigawa, tana ce masa, "Haɗiye, Maigida, kada ka ba ni kunya." A hankali ya farfaɗo.

Ko wannan bai rufe bakin kowa ba. Wasu suka ce a hanya Inna ta sakar masa kurwar. Kafin mu dawo, motar lasifika ta tashi da kaji da awaki, an ce an kira shi wani gari. Rifkatu ta ci gaba da gaida Inna da ladabi, amma har tsohuwar ta koma ga Ubangiji ba ta ƙara cin abin hannunta ba.

Ruwa ya zo a makare, bayan an fid da rai da gero. Wata la'asar hadari ya haɗu, ba wanda ya damu ya fitar da tukunya. Sai iska ta juyo da sanyi, aka ji ɗigo a kan kwano, ɗaya, ɗaya, sannan ya ɓarke. Indararo ya yi ta zuba jan ruwa, yara suka fita tsirara, ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki har na ji hawaye. Da safe muka kwashi ɗan waken da ya rage muka shuka a inda geron ya mutu. Mata ne da tsofaffi, mu ne sara mu ne rufewa.

Tun daga lokacin na fara bin Inna gona da sassafe, a fili, ba a bayan sabara ba. Na zauna gefenta in yi shiru. Da farko ba abin da nake ji sai kukan cikina da maganganun da na so in mayar wa Rifkatu. Na yi kewar gangunan nan sosai. Na gaya wa Inna, ta ce ita ma ta yi kewar goge shekaru, in ci gaba da zama. Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai lura wata safiya na tashi daga kan kunya na nufi gida ba tare da fayau ɗin nan a ƙirjina ba, alhali ba abin da ya ƙaru a rumbu. Majami'a ba mu daina zuwa ba, ni da ita, kuma har yanzu ina son waƙa. Sai dai na daina zuwa kamar mai zuwa ɗiban wuta a maƙwabta.

Wake ya yi, ba da yawa ba, amma ya yi. Muna cikin roro maigidana ya dawo daga Kano, ya rame shi ma, da ɗan buhun masara a ka. Tun a hanya ya lura mutane suna gaishe shi suna kawar da ido. Da yamma na kawo ɗanwake na ajiye, yaron yana wasa a cinyar kakarsa. Maigidana ya dube ni, ya dubi uwarsa.

"Inna, me aka yi a garin nan da ba na nan?"

Na sunkuyar da kai. Da ta buɗe baki ta faɗa, da unguwar nan ba ta ƙara zama ɗaya ba, ni ma ban san inda zan sa fuskata ba.

Inna ta tura masa ƙwaryar wankin hannu.

"Yunwa aka yi," ta ce. "Wanke hannu ka ci, zai huce."